Neman Ƙauyen Daniyel

Tun da na dawo daga Kanada bakina bai huta ba. A coci, a kasuwar Narayi nan Kaduna, har a gidan makoki, sai wata ta ja ni gefe: "Maman Rahila, yaya can ɗin? Da gaske sanyi yana cire kunne? Surukin naki wane irin Bature ne?" Ran nan a zumuntar mata na fara ba da labarin, ban ko kai filin jirgi ba Maman Bulus ta katse ni da tambayar ko na kawo mata man shafawa. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, duk mai tambaya in miƙa mata ta karanta da kanta.

Ku fara sanin cewa ba yawon buɗe ido na je ba, aikena aka yi. 'Yata Rahila tana aikin jinya a Toronto. Wata rana ta kira ta ce ta sami wanda take so, sunansa Daniyel, suna neman albarkar gida. Mahaifinta ya rasu, don haka magana ta koma hannun wansa, Baba Ayuba na Makera. Duk wanda ya san Baba Ayuba ya san ba ya ba da 'ya sai ya san asalin mai nema, ƙabilarsa da ƙauyensa, har gidan wa a cikin ƙauyen. Muka zauna a falonsa, aka ajiye waya a kan tebur.

"Ɗan ina ne?" in ji Baba.

"Ɗan Kanada ne, Baba."

"Kanada ai ƙasa ce. Ni ma ɗan Najeriya ne. Na ce ɗan ina ne?"

Rahila ta ce kakansa na wajen uba ɗan Italiya ne, matar kakan Baturiyar Ingila ce, mahaifiyarsa kuma Bayahudiya. Baba ya dubi wayar ya ce, "Wannan ai ba mutum ɗaya ba ne, kasuwar Kakuri ce." Ya kafe cewa ba zai sa albarka ba sai wani ya je ya gani da idonsa, domin ba zai yarda a haifi jikokin ƙanensa ba su da inda za su nuna su ce nan ne gidanmu ba. Tsoron nan nasa shi ne nawa. Ga kuma wani tsoron a kansa: na san 'yata, tana da ladabi amma tana da taurin kan ubanta. In aka ja maganar da tsawo za ta yi aurenta can, mu rasa ta gaba ɗaya.

Da zan tafi Baba ya rako ni bakin ƙofa, ya rage murya ya ce, "Maman Rahila, Turawa sun iya zagaye-zagaye. In suka yi miki yawo da hankali, ki tambaye su abu ɗaya. In mutum ya mutu, ina ake kai shi? Nan ne garinsa."

Ɗana Ishaku ne ya kai ni tashar jirgin ƙasa. Muka bi ta Kakuri, ta gaban tsohuwar masaƙar da mahaifina ya yi wa aiki har ƙarfinsa ya ƙare, yanzu ciyawa ta cinye ta, muka tsallake kogi zuwa Rigasa. Akwatina biyu, amma kayan sawata ba su cika rabin ɗaya ba. Sauran acca ce da citta da daddawa da kuka, sai kilishin da Ishaku ya naɗe mini a cikin zane ya ce ba mai gani. A cikin jirgin na zauna kusa da wata Hajiya mai sayar da atamfa, wadda da ta ji inda za ni ta ce, "Ikon Allah! Binciken miji har Kanada? Mu nan Zariya ma ba ma zuwa." Muka yi ta dariya har Abuja, ta ba ni dabino, na ba ta gyaɗa.

Daga Abuja na hau jirgin sama. A Jamus muka sauya jirgi, a nan na yi wautar farko. Ashe Rahila ta sa a tarye ni da keken marasa lafiya. Ina fitowa sai ga wani saurayi riƙe da keke yana kiran sunana. Raina ya ɓaci. Ni da nake zuwa kasuwa da ƙafa, nake tsayuwa a ƙungiyar mawaƙa tun farkon sujada har ƙarshe? Na ce masa ya kai wa mai buƙata. Wallahi filin jirgin nan ya fi daga Narayi zuwa Sabo tsawo. Na yi tafiya har takalmi ya ci mini dunduniya, ina cikin haki sai ga saurayin nan ya wuce ni da wata tsohuwa a kan keken, ta harɗe ƙafa tana cin biskit. Ya ɗago mini hannu, ni ma dole na ɗaga masa.

A Toronto kare ne ya tona mini asiri. Wani ɗan ƙaramin kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna a gaban akwatina kamar ya ga ɗan'uwansa. Ma'aikacin da ya buɗe kayan mai gemu ne da rawani, kamanninsa na mutanen Indiya. Acca ta wuce, citta ta wuce. Daddawa ya shinshina, ya runtse ido, ya tambaye ni ko lalacewa ta yi, na ce a'a, haka Allah ya yi ta. Kilishi kuwa ya ce nama ba ya shiga, ya kuma ce da na ce ba ni da shi da maganar ta yi tsawo. Allah ya taimake ni da aka tambaye ni tun farko na faɗi gaskiya, don ƙarya ba ta zama a bakina. Ina kallo aka jefa kilishin Ishaku a kwandon shara. Don in huce sai na tambaye shi, "Ɗana, kai ɗan ina ne?" Ya ce, "Nan." Na ce, "A'a, asali." Ya yi murmushi ya ce, "Mama, a asibitin da ke bayan filin jirgin nan aka haife ni." Na ce a raina, to, ga Baba Ayuba ga aiki.

Rahila tana zaune a wani dogon bene, can sama inda in ka leƙa taga sai kanka ya juya. Gidan tsaf, ruwa da wuta ba sa ɗaukewa, amma shiru kamar ana jarrabawa. Kwana na farko na gaida duk wanda na haɗu da shi a na'urar hawa bene, har na tambayi wata yaya yara, ta dube ni kamar zan ƙwace mata jaka. Rahila ta ce, "Momi, abeg, nan ba Narayi ba ne." Ban daina ba. Kafin in taho akwai wani tsoho mai kare da yake riga ni gaisuwa.

Daniyel ya zo da yamma. Dogo ne siriri, gashinsa a murɗe, ga kunya. Yana shigowa ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Ina kwana, Mama." Rana tana shirin faɗuwa! Na danne dariyata na ce lafiya lau. Na yi masa gwaten acca, na zuba yaji da gangan don in ga gudun ruwansa. Ya ci yana hawaye yana share hanci, ya kuma miƙo kwano a ƙara. Zuciyata ta kwanta da shi tun a ranar, kuma Rahila ta ce yana bin ta coci. Amma ba a aike ni in so shi ba, an aike ni in nemo ƙauyensa.

Aka fara kai ni gidan kakansa na wajen uba. A mota Rahila ta ce, "Momi, kowa Nono yake ce masa. Haka ake kiran kaka namiji da Italiyanci." Na ce me? Ni da girmana in dubi dattijo mai furfura in ce masa Nono? Na ce sai dai in kira shi Baba, bakina ba zai iya ba. Da muka isa Rahila ta fassara masa abin da sunan yake nufi da Hausa, tsohon nan ya yi dariya har ya riƙe bango, ya kira maƙwabcinsa ta kan katanga ya gaya masa.

Mun same su a garejin mota ana aikin tumatir. Kwanduna ne jibge, ga babbar tukunya a kan wuta, 'yan'uwa mata sun zagaye suna yanka suna surutu, kowa yana magana ba mai saurare. Duk shekara haka suke dafa na shekara guda su ɗura a kwalabe. Nan take na ji ni a gida, kamar ana girkin biki a layinmu. Na ɗaura zane na karɓi wuƙa. Baban Italiya tsohon birkila ne, hannunsa kamar faranti. Ya kai ni bayan gida ya nuna mini itacen ɓauren da ya ce daga ƙauyensu aka kawo reshensa, wai in sanyi ya zo sai ya naɗe shi da bargo kamar jariri. Ya cika mini kwano da taliya, ina ci yana ƙarawa yana cewa na rame.

Matarsa, Mama Magret, ita ce Baturiyar Ingila. Duk hayaniyar nan tana gefe da 'yar rigar sanyinta, ba ta ɗaga murya. Ta kira ni ciki shan shayi. Na zaci shayi irin namu, mai kauri da burodi, sai ga ruwan ganye a ɗan kofi da biskit guda biyu. In ta taka ka ta ce yi haƙuri, in ka taka ta ma ita ce za ta ce yi haƙuri. Ta fi shekarun Ishaku da Rahila a haɗe tana zaune a Kanada, amma in ta ce "gida" Ingila take nufi.

Ranar Juma'a da faɗuwar rana aka taru duka a gidan kakarsa ta wajen uwa, wadda suke kira Bubi. 'Yar gajeruwar tsohuwa ce mai kaifin ido. Ta rufe kanta da gyale, ta kunna kyandir biyu, ta rufe fuska da tafin hannu tana addu'a da harshensu, sannan aka yanka wani burodi mai kitso. Da ta ji sunayen gidanmu, Rahila da Ishaku da Ayuba da mijina marigayi Yakubu, ta ajiye cokali ta ce, "Kun kwashe mana sunaye kaf!" Na ce ai mun daɗe da su, ba za mu mayar ba. Aka kawo romon kaza da wasu dunƙule-dunƙule a ciki kamar ɗanwake, ba yaji ko kaɗan, amma da daɗi.

Iyayen Daniyel suna wurin, mutanen kirki masu sauƙin kai, sai dai tsofaffin nan uku sun cika teburin. Na yi ta jefa tambayata ta gefe, ina ne asali, ina ne gida, kowa ya ba ni amsa mai tsawo wadda ba zan iya kai wa Makera ba. Sai na tuna da abin da Baba ya ce. Na gyara zama, na ce da Turancina na tsohuwar malamar firamare, "Ku gafarce ni, in kun mutu, ina za a kai ku?"

Jama'a, magana zarar bunu ce. Cokula suka tsaya. Mahaifin Daniyel ya ƙware da ruwa. Rahila ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur ta ce da Hausa, "Momi! Kin kashe ni!" A wurinmu wannan tambaya ce ta yau da kullum, kowa ya san motar da za ta kai shi ƙauye. Ashe a can kamar ka yi wa mutum fatan mutuwa ne a kan abincinsa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na yi sauri na bayyana musu cewa a wurinmu inda za a binne mutum nan ne garinsa, kuma abin da aka aiko ni in gano ke nan.

Baban Italiya ne ya fara fashewa da dariya. Ya ce a ƙauyensu ma haka ne. Ya bar can yana saurayi, shekara da shekaru yana cewa gawarsa can za ta koma. Da ya je ziyara sai ya ji ana ce masa ɗan Amurka, don a wurinsu duk tsallaken teku Amurka ne, yara suna dariyar irin maganarsa wai ta tsofaffin da ce. "A can ni ɗan Amurka ne, a nan ni ɗan Italiya. Sai dai a binne ni a tsakiyar teku!"

Mama Magret fuskarta ta yi ja, ta ce a Ingila ba a irin wannan hira a kan tebur. Amma ta amsa. Ta ce ita ba wanda ya taɓa tambayarta daga ina ta zo, saboda harshenta da fatarta sun dace da ƙasar, har ta daɗe tana zaton sauran mutane ne suke da ƙabila, ita ba ta da ita. Sai ranar da iyayenta suka ƙi zuwa aurenta don ta auri birkila ɗan Italiya ta gane tana da ita. "Ni dai a ƙona ni, a zuba tokar a gindin furannina." Na kusa sakin kofi. Mijinta ya yi alamar gicciye ya dube ni ya ce, "Kin ga abin da nake fama da shi?"

Bubi ba ta yi dariya ba. Ta ce garin iyayenta yana can gabashin Turai, har yanzu yana nan, amma ba sauran nasu ko mutum ɗaya. An kashe na kashewa a lokacin yaƙin duniya na biyu, maƙabartarsu ma an yi gini a kai. Ita a sansanin 'yan gudun hijira aka haife ta. Za a binne ta a nan, kusa da mijinta, cikin mutanensu. Ta nuna kyandir ɗin ta ce, "Abin da uwata ta iya ɗaukowa daga garin ke nan." Sannan ta kafe ni da idon nan nata ta ce, "Ke fa?"

Mahaifina daga Filato ya zo aikin masaƙa, a Makera aka haife ni. In na je Filato 'yar Kaduna ake ce mini, yarenmu ma sai kame-kame. A Kaduna kuma an sha tuna mini cewa ni ba 'yar asalin jiha ba ce. Ƙauyen mijina suna ƙaunata, amma har gobe matar da aka auro ce. Na gaya musu haka. Na kuma gaya musu cewa da a tsallaken kogi muke zaune, sai wata rana gari ya rikice muka fito da abin da hannu zai iya ɗauka, Rahila tana goye a bayana, ba mu sake kwana a gidan ba. Ban san hawaye ya zubo mini ba sai da na ji hannun Bubi a kan nawa.

Da aka tashi ta ja ni kicin wai in taya ta kwashe kwanuka. Ta rufe ƙofa ta ce, "Kina tsoron jikokinki su ɓace miki. Ni ma tsoron da nake ji ke nan." Ta ce a dokar da aka rene ta a kai, ɗa uwa yake bi. Daniyel nasu ne saboda 'yarta ce ta haife shi, kuma shi kaɗai ne jikanta. Amma 'ya'yan da Rahila za ta haifa ba za a lissafa su cikinsu ba. "Naku ne," in ji ta, tana hawaye.

Na ce, "Ikon Allah! Mu kuma a wurinmu ɗa na uba ne. Tun daga Kaduna nake kuka a kan cewa naku ne."

Muka tsaya muna kallon juna, kowa da kwano a hannu, tsofaffi biyu suna makokin 'ya'yan da ko cikinsu ba a yi ba, kowace ta riga ta miƙa wa ɗayar. Sai dariya ta ƙwace mana, muka yi ta yi har Rahila ta leƙo ta ga ko lafiya. Na ce wa Bubi mu da Hausa muna cewa ɗa na kowa ne. Ta ce in dai za a riƙa kawo mata su ranar Juma'a su ga an kunna kyandir, ta yafe sauran. Na ce ni kuma su iya gaida manya, su san ɗanɗanon acca. Muka tafa a kai.

Da na dawo ban ko gama kwance kaya ba na hau keke napep zuwa Makera. Baba Ayuba yana zaune a ƙofar gida da rediyonsa. Muka gaisa, ya tambayi hanya, sannan ya kashe rediyon.

"To, Maman Rahila, kin gano ƙauyen?"

"Baba, babu ƙauye."

Ya girgiza kai ya ce ai ya faɗa. Na ce ya bari in gama. Na ba shi labarin duka, tun daga tumatir har kicin, ban ɓoye ko maganar toka ba, wadda ta sa ya ce "Yesu!" ya dafe ƙirji. Da na zo kan garin da ba sauran kowa ya sunkuyar da kai, don shi ma ya san irin wannan fitar. Da na kai maganar Bubi sai ya ɗago.

"Tsaya. Kina nufin a dokarsu 'ya'yan namu ne?"

"Haka tsohuwar ta ce, Baba."

"Da bakinta?"

"Da bakinta, tana hawaye."

Ya murza sandarsa. Can ya ce, "To, mun karɓa. Kira mini yarinyar."

Na buga, Rahila ta ɗauka muryarta a tsorace. Baba ya karɓi wayar ya kai ta bakinsa kamar yadda ya saba, yana ɗaga murya don Kanada da nisa.

"Rahila! Allah ya yi muku albarka. Ki gaya wa yaron nan ya shirya, da Kirsimeti ni da kaina zan kai shi gida, ya je ya ga ƙauyen 'ya'yansa."